Takalmi Mai Sassan Cirewa, Da Abin Da Ke Riƙe Da Su

Takalmi dai ba ya mutuwa gaba ɗaya. Kowane baduku ya san wannan: ko dai ƙasa ta cinye tun sama tana da sauran ƙarfi, ko kuwa hanci ya tsinke tun ƙasa ba ta ko gurje ba. Haka kuma sha'awar mai takalmi ta ke, gama ba dukan takalmin ne ya kan gundure shi ba, launin saman ne, ko tsawon dunduniya. Daga waɗannan abubuwa biyu wata dabara ta fito wadda masu ƙirar takalma suka daɗe suna komawa gare ta, watau a ƙera takalmi sassa-sassa, yadda mai shi zai cire wani sashe da hannunsa ya sa wani, ya sake kamannin takalmin ko amfaninsa ba tare da ya sayi sabo ba. 'Yan kasuwa kan tallata wannan kamar jiya aka gano shi. Tsohon abu ne, kuma tarihinsa ya nuna cewa yin sassan ba shi da wuya. Wuyar tana wurin mahaɗi, inda sashe ya kama sashe, domin abu biyu a ke nema gare shi waɗanda ba su ga maciji da juna: ya buɗe wa hannu cikin sauƙi, ya kuma ƙi buɗe wa ƙafa ko da an yini ana tafiya.

An daɗe da shawo kan wannan wuya a ƙasar Japan. Suna da wani takalmin itace da su ke kira geta, wanda ya yi kama da dangarafai. Sassansa uku ne. Akwai allon da ƙafa ke hawa, sunansa dai, an fi son a sassaƙa shi da icen kiri saboda rashin nauyi. Akwai katakai biyu a ƙarƙashinsa masu ɗaga ƙafa daga taɓo, sunansu ha, watau haƙora. Sa'an nan akwai igiyar da ke riƙe ƙafa, sunanta hanao, ƙyalle ne aka naɗe a kan igiya mai ƙarfi. Allon yana da huda uku, ɗaya a gaba, biyu a gefe wajen baya. A kan zura bakunan igiyar ta cikin hudojin, a ƙulle su daga ƙasa. Mahaɗin ke nan, ƙulli kawai, ba manne ba ɗinki.

A kantin geta irin na gargajiya ba a kan tarar da takalmin a haɗe kaɗai ba. Mai saye ya kan zaɓi allo dabam, ya zaɓi hanao dabam, na auduga ko na siliki ko na karan-miski, sa'an nan mai kanti ya ɗaura masa nan take, yana gwada ƙafarsa, ya ƙara matsewa ko ya sassauta. In igiyar ta tsufa, ko an yi sabuwar riga ana son launin da zai dace da ita, sai a kwance ƙulli a sake wata, allo yana nan. Ko haƙoran ma, a wani irin geta, ba sassaƙa su a ke yi tare da allo ba, cusa su a ke yi cikin rami da aka tsaga, a yi su da icce mai tauri. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, har akwai masu yawo unguwa-unguwa sana'arsu ke nan, cire haƙoran da suka cinye su sa sababbi. Ran da a ke ruwa kuma akwai wani ɗan murfi da a ke maƙalawa a gaba ya rufe yatsu, in an ɗauke a cire shi. Wani abin lura kuma shi ne hudar gaba a tsakiyar allo ta ke, saboda haka geta ba shi da dama ba shi da hagu. Mai shi ya kan riƙa musanya ƙafa don haƙoran su cinye daidai.

A nan akwai abin da zai ja hankalin masu nazarin harshe. Kalmar hanao haɗin kalmomi biyu ce, hana, watau hanci, da o, watau igiya. Bahaushe ma "hancin takalmi" ya ke ce wa wannan wuri da ke shiga tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. Kada mai karatu ya yi saurin ƙulla zumunci tsakanin Hausa da Japananci a kan haka. Harsuna da yawa kan ari sunayen gaɓoɓin jiki su raɗa wa kayan aiki, kamar yadda a ke cewa wuyan riga, da bakin wuƙa, da ƙafar mota, kuma abin da ya tsaya a gaba, a tsakiya, da wuya ya tsere wa sunan hanci. Dangantakar da ke akwai ta kaya ce. Silifa ta roba, wadda ta bazu a duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta samo siffarta daga zori, ɗan'uwan geta marar haƙora, kuma ta gaji hudojin nan uku. Sai dai an musanya ƙulli da ɗan kan roba mai faɗi da ke toshe huda daga ƙasa. Duk wanda ya taɓa soka ƙusa ko waya a hancin silifa da ya zare, ya san inda wannan sabon mahaɗi ya gaza ƙulli: ƙulli in ya kwance a kan sake ɗaura shi, kan roba kuwa in ya gutsure shi ke nan.

Turawa ta wajen ado suka fara. Daga wajen 1660 har kusan ƙarshen ƙarni na 18, takalmin mai hali a Ingila yana da harsuna biyu na fata a bisa ƙafa, a na haɗa su da maƙulli na ƙarfe irin kan ɗamara. Samuel Pepys ya rubuta a littafinsa na abubuwan yau da kullum cewa a watan Janairu 1660 ya fara sa shi. Ba a ɗinke maƙullin a jikin takalmi ba. Dabam a ke sayensa, na azurfa ko na tagulla ko na ƙarfe mai ƙyalli, wani har da duwatsu, a ajiye shi a akwati kamar zobe, a ɗauke shi daga wannan takalmi a kai wancan. Da yayin igiyar ɗaure takalmi ya shigo, masu ƙera maƙullai na Birmingham da garuruwan kusa da ita suka kai kuka wurin Yariman Wales a 1791, ya taimaka kada sana'arsu ta mutu. Kukan bai hana ta mutuwa ba. Jikan wannan maƙulli a zamanin nan shi ne ƙananan kayan adon Jibbitz da a ke cusawa a hudojin takalmin roba na Crocs; wata uwa ce a jihar Kolarado ta Amurka ta fara yi wa 'ya'yanta su a 2005, kamfanin Crocs ya saye sana'ar a 2006. Irin wannan sauyi ba shi da wata wahala, gama abin da a ke cirewa ba ya ɗaukar nauyin mutum.

Da zarar an sauka ƙasan takalmi, inda nauyi ya ke, sai magana ta sake. Misalin da aka fi ambata shi ne na ƙwallon ƙafa. Ran 4 ga Yuli 1954 aka yi wasan ƙarshe na cin Kofin Duniya a birnin Bern na Suwizalan, tsakanin Jamus ta Yamma da Hangari, a na ruwan sama. Hangari ta riga ta ci Jamusawa 8 da 3 a zagayen farko, kuma a wannan rana ma ta zura biyu cikin minti takwas. Duk da haka Jamus ta ci 3 da 2. Takalman Jamusawa na Adi Dassler ne, mai kamfanin Adidas, kuma ƙusoshin ƙasansu na murɗawa ne kamar noti, ba kafaffu ba, saboda haka aka iya sa masu dogaye don su kama laka. Labarin ya sha gishiri a bakin masu talla, har a ka ce ƙusoshin ne suka ci wasan, kuma kamfanin Puma na Rudolf, wan Adi, yana cewa shi ya riga fitar da irinsu a 1952. Ko ma wane ne ya riga, dabarar ta zauna, har yau a na amfani da ita a filaye masu laushi. Dalilin zamanta kuwa shi ne mahaɗin ƙarami ne, na ƙarfe, kuma nauyin ɗan wasa danna shi ya ke yi ciki. A 2006 Adidas ta so ta faɗaɗa abin, ta fitar da F50 Tunit, wanda a ke sayen samansa dabam, shimfiɗar cikinsa dabam, ƙusoshinsa dabam, ɗan wasa ya haɗa yadda ya ke so. Zuwa 2010 ta koma ga takalmi guda marar nauyi. Kowane mahaɗi yana ƙara nauyi, yana kuma ƙara wurin da zai iya saki, ɗan wasa kuwa ba ya son ko ɗaya.

Mafi wuya duka shi ne dunduniyar takalmin mata, kuma ita ce aka fi nema, domin mace ta fita aiki da gajeriya, da yamma ta sa doguwa ta tafi biki. Mutum zai zaci cire wannan sanda a sa waccan ne kawai. Abin ya fi haka. A kan gina takalmi ne a kan ƙafar itace ko ta roba mai tauri wadda aka sassaƙa don tsawon dunduniya guda ɗaya. In dunduniya inci uku ce, an lanƙwasa tsakiyar takalmin daidai da inci uku, an kuma ɓoye wani siririn ƙarfe a cikin ƙasansa, daga dunduniya zuwa tudun tafin ƙafa, don ya riƙe wannan lanƙwasa. A cire dunduniyar a sa mai inci ɗaya, sai bakin takalmin ya ɗaga sama ya dubi gajimare, tafin ƙafa ya rasa madogara. A yi akasin haka, sai dunduniyar ta karkata. Ga kuma ƙarfin da ke sauka a wurin. A ce mace mai nauyin kilo 60 ta dira a kan tsinin da bai fi faɗin farce ba. A farkon kowane taku kusan dukan nauyin nan a kan tsinin ya ke, kuma ba a miƙe ya ke sauka ba, a karkace, yana neman ya fizge dunduniyar daga jikin takalmi. In mahaɗin ya saki a kan matakala, ƙafa ce za ta karye.

Hanyoyin da masu ƙira suka bi ba su da yawa. Waɗansu sun haƙura da sake tsawo, su kan sake launi da kauri da siffa kawai. Waɗansu, kamar Tanya Heath a Faris da kamfanin Mime et moi a Munik, sun yi ƙasan takalmi mai ɗan lanƙwasuwa wanda zai karɓi tsawo fiye da ɗaya, da makama wadda dunduniya ke zamewa ciki ta kulle har sai an danna ko an ja abin sakinta. Kamfanin Pashion a Kalifoniya kuwa ya bi ta wata hanya, ya sa madogarar tsakiyar ta zama abin cirewa ita ma, ta fita tare da dunduniya, takalmin ya kwanta ya zama shimfiɗaɗɗe. Duk waɗannan bayan 2010 suka fito kasuwa, kuma har yanzu 'yan tsiraru ne a cikin takalman da a ke sayarwa. Takalmin da aka yi don tsawo biyu, da wuya ya zauna wa ƙafa kamar wanda aka yi don ɗaya.

Akwai wani sabon dalili da ya farfaɗo da maganar, wanda ba ado ba ne. Takalmin guje-guje na zamani haɗin roba ne iri-iri da ƙyalle da soso, an manne su da gam mai ƙarfi, in ya mutu ba a iya raba su a sake sarrafa kowanne. A 2022 kamfanin Nike ya fitar da ISPA Link, mai sassa uku ba gam, ƙasansa yana da 'yan turaku da ke shiga hudojin samansa. A nan manufar ita ce a iya wargaza shi ran da ya ƙare.

Malaman da za su koyar da wannan da Hausa za su bukaci suna gajere. "Takalmi mai sassan cirewa" bayani ne, ya yi tsawo ga bakin kasuwa. Hausa kuwa tana da hanyarta ta raɗa wa sabon abu suna daga abin da a ke yi da shi ko abin da ya kan same shi, kamar dafa-duka da faɗi-ka-mutu, don haka "cire-mayar" ba zai zama baƙo a kunne ba. Amma kasuwa ce ke yanke irin wannan hukunci, ba aji ba. Abin da ya fi muhimmanci a koyarwa shi ne a bambanta iri biyu da a kan cakuɗa: takalmin da baduku ke iya farke ɗinkinsa ya sake masa ƙasa, wanda ya daɗe a ko'ina a ke aikin fata, da wanda mai shi ke sakewa da kansa a bakin ƙofa.

Sauran abu guda, wanda masu talla ba su cika ambata ba. Makamar dunduniyar kowane kamfani tasa ce shi kaɗai, ya yi mata rajista don kada wani ya kwaikwaya. Dunduniyar Faris ba ta shiga takalmin Munik. In kamfani ya daina yin wannan ƙira, ko ya rufe, mai takalmi ba ta da inda za ta sami madadin wadda ta karye, sai ta zubar da takalmin da aka sayar mata da alkawarin zai daɗe. Hudojin geta uku kuwa ba mallakar kowa ba ne. Allon da aka sassaƙa a wani gari ya kan karɓi hanao da aka ɗinka a wani, in dai girman ya yi daidai, kuma in igiyar gaba ta tsinke a hanya, a kan yagi tsumma a murɗa shi a zura, a ƙulle daga ƙasa, a ci gaba da tafiya har a kai kanti.