Karanta Alamomin Jikin Majiyyaci: Ma'aunin Ƙwarewar Mai Jinya

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai rukunin ma'aikatan jinya waɗanda akan horar na kimanin shekara guda, su yi aiki a ƙarƙashin babbar nas ko likita. Kafin a ba su lasisi sai sun ci jarrabawar NCLEX-PN, mai tambayoyi 85 zuwa 150, wadda ake yi a kwamfuta cikin awa biyar. A watan Afrilun 2023 aka sabunta jarrabawar, aka ƙara nauyi a kan basirar yanke shawara. Akan kawo labarin majiyyaci guda, a bi shi da tambayoyi shida: gano alamomi, nazarinsu, tantance matsalar da ta fi gaggawa, tsara mafita, ɗaukar mataki, da duba sakamako. Dalili kuwa shi ne haddace lambobi kaɗai ba ya ceton rai.

Misali Daga Ɗakin Jinya

A ɗauka an yi wa wani magidanci tiyata a ciki da hantsi. Da azahar zuciyarsa na bugawa sau 80 a minti. Da la'asar bugun ya kai 112, numfashinsa ya kai 24, tafin hannunsa ya yi sanyi, fitsarinsa ya ragu, ga ƙishirwa da rashin natsuwa. Amma da aka auna matsin jininsa, wato ƙarfin da jini ke tunkuɗar bangon jijiyoyi, sai aka tarar bai sauka ba. Wanda ya dogara da wannan awo kaɗai zai ce lafiya lau, alhali jini na iya kasancewa yana zuba a cikin cikinsa.

Abin da Ke Faruwa a Jiki

Baligi na ɗauke da jini kimanin lita biyar. A lokacin hutu zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti, numfashi kuma sau 12 zuwa 20. Idan jini ya fara raguwa, wasu ƙwayoyin halitta da ke jikin manyan jijiyoyin wuya da na ƙirji sukan sanar da ƙwaƙwalwa. Nan take sinadarin adirinalin ya bazu, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin fata su tsuke domin a tura jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Wannan ne ke sa fata sanyi da kodewa. Ƙoda ma takan riƙe ruwa, har fitsari ya gaza mililita 30 a awa. Da wannan dabara jiki kan ɓoye asarar, ta yadda sau da yawa matsin jini ba ya faɗuwa sai an rasa kusan kashi 30 cikin ɗari. A lokacin kuwa haɗari ya riga ya yi nisa.

Don haka wajibin mai jinya shi ne ta kwatanta awon yanzu da na ɗazu, ta duba bandejin, ta bar majiyyacin a kwance, kada ta ba shi ruwa komai roƙonsa domin ana iya mayar da shi tiyata, sannan ta kira babbar nas ko likita ba tare da jinkiri ba.

Kammalawa

Tun a 1859 Florence Nightingale ta nuna a littafinta na jinya cewa lura da majiyyaci shi ne babban darasin da ya kamata a koya wa mai jinya. Hausawa ma sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗalibin da ke sha'awar wannan aiki ya riƙe darasin zagayawar jini da kyau, domin a kansa ake gina irin wannan hukunci a bakin gadon majiyyaci.