Yadda kwamfuta take nemo bashin maigida

Yara, kun san bankin cimaka. A garuruwa da yawa na Adar, wajen Keita da Tamaske da Barmu, ana sayen hatsi da kaka a ajiye. In damina ta faɗi, rumbuna sun yi ƙasa, sai a sayar wa mutane da rahusa, ko a ba su bashi.

Magatakarda yana da babban littafi. Kowane maigida yana da lambarsa, da sunansa, da yawan tiyar da ya ɗauka. Ranar biya, mai lamba 27 ya zo. Magatakarda ya ɗora yatsa bisa lambobi, ya gangara har ya iske 27. Sannan ya bi layin zuwa dama, ya karanta: tiya 12.

Abin da yatsan nan ya yi, shi ne kwamfuta take yi. A cikinta akwai jadawalin lissafi, irin su Excel, wanda kamfanin Microsoft ya fito da shi a 1985. Jadawalin ya yi kama da dara, gurbi kusa da gurbi. Layukan tsaye suna da baƙaƙe: A, B, C. Layukan kwance suna da lambobi.

Mu sa lambar maigida a layin A, sunansa a B, tiyarsa a C. A shafin biya, sai mu rubuta wannan umarni:

=RECHERCHEV(27;A2:C200;3;FAUX)

Da Faransanci ke nan. Da Ingilishi sunansa VLOOKUP. Ga ma'anarsa: nemi 27, cikin gurabun A2 har C200, ka kawo abin da ke layin tsaye na 3. Nan take 12 ta fito. In mun sa 2 a madadin 3, suna ne zai fito.

Kalmar FAUX fa? Ku kula da ita ƙwarai. Tana cewa: 27 daidai nake so, ba maƙwabciyarta ba. In an manta da ita, kuma babu 27 a jadawalin, kwamfuta tana iya kawo bashin mai lamba 26. Ba za ta ce ta yi kuskure ba. Sai a sa mutum ya biya hatsin da bai ci ba! In FAUX tana nan, sai ta rubuta #N/A, wato ba ta samu ba.

Don me muke nema da lamba, ba da suna ba? Ku dubi ajinmu: Ibrahim nawa ne? Umarnin nan na farkon da ya iske shi yake ɗauka, ba ruwansa da na biyu. Kuma a layin farko kaɗai yake nema, shi ya sa lamba take zama a A.

Aiki: ku zana jadawali bisa allo, da magidanta 5. Ɗaya ya faɗi lamba, ɗaya ya bi da yatsa.