Bututun mai a ƙasar Tibiri: tsoron maza daban, na mata daban

Tun shekarar 2024 ɗanyen man Agadem yake gudana ƙarƙashin ƙasar jihar Dosso, cikin bututu mai tsawon kusan kilomita 2000 wanda ya ƙare a tashar Seme ta ƙasar Benin. Arewa, ƙasar gero da wake, wadda ba ta san hayaƙin masana'anta ba, ta wayi gari tana maƙwabtaka da irin haɗarin da a da sai a rediyo take jin labarinsa. Cikin watan Yuni 2024 aka kashe sojoji shida masu gadin bututun a yankin Tibiri.

Amma duk wanda ya saurari hirar majalisar maza, sannan ya saurari ta bakin rijiya, zai gane ba abu ɗaya ake tsoro ba.

Ga maza, maganar bututu maganar tsaro ce: ƴan bindiga, sintirin soja, hana zirga-zirga. Shi kansa man bai cika ba su tsoro ba, domin sun saba da shi. Shekaru da dama samari sun yi ta ɗauko ruwa-ruwa daga iyakar Nijeriya bisa babura, jarka kan jarka, kafin sana'ar ta ja baya da janye tallafin mai a can cikin watan Mayu 2023. Wanda ya ci abinci da abu, da wuya ya kalle shi da idon tsoro. Sabon nan kuwa ya sha jawo asara. Ranar 6 ga Mayu 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka ruga kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 55 suka rasu nan take. A Majiya ta jihar Jigawa, cikin Oktoba 2024, sama da 150 suka tafi ta hanya ɗaya. Tankokin matatar Damagaram kuwa, babbar hanyar da ta ratsa Dogon Dutsi da Kore Mai Ruwa suke bi zuwa Yamai.

Lissafin mata ya bi wata hanya. Jarkar da namiji ya kawo, a cikin gida take kwana, kusa da murhu da yara masu rarrafe. Sai kuma ruwa. A kwarin Dallol Mauri ruwan ƙasa yana kusa, a wasu wurare ƴan mitoci kawai, shi ya sa rijiyoyi da garaken rani suka yawaita. Albarkar nan ita ce abin fargaba: man da ya tsiyaya cikin yashi ba ya daɗewa bai tarar da ruwa ba. Mace ce ke jan guga, ita ce za ta fara jin warin ya sāke, ita ce kuma za ta goya yaron zuwa gidan likita.

Wannan bambanci ba a Arewa kaɗai yake ba. A 1994 masanin nan Paul Slovic da abokan aikinsa sun nuna cewa a Amurka mata sun fi maza ɗaukar haɗarin masana'antu da girma. Ba su danganta abin da raunin zuciya ba. A ganinsu, mai iko da abu, mai cin ribarsa, shi ne ke raina haɗarinsa.

Yanki ma yana da nasa tasiri. A Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, abin da ido ba ya gani ake tsoro, wato ƙura da ruwan sha da tarin dusar ma'adini da ya rage bayan rufe COMINAK a 2021. A Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, ramin zinariya ne ya rufta da aƙalla mutum 18 cikin Nuwamba 2021. Kowa da irin wutar da ta ƙone shi. Tibiri ba ta da wannan tarihi tukuna, don haka kunnenta ya fi karkata ga ƙarar bindiga bisa ga yoyon da ba ya ƙara.

A al'adar karkara, in baƙi sun zo da faɗakarwa, ƙofar mai gari ake taruwa, maza a kan tabarmi. A daidai lokacin nan mata suna bakin rijiya.