Sunan ɗan wasa da jin daɗin mai karatu: misali daga ƙasar Arewa

Masu tsara littattafan yaƙi da jahilci sukan mai da hankali ga zaɓen kalmomi da tsawon jimla da girman baƙaƙe. Sunayen mutanen da ke cikin labari kuwa akan bar su ga son ran marubuci, sai ka ce ba su da wani aiki. A ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutse da Tibiri cikin jahar Doso, wannan sakaci yana da tsada, domin suna a wurin Bahaushe magana ce mai ɗauke da labari.

Ban da sunan yanka, akwai sunayen da ke bayyana yadda aka haifi mutum. Tanko namiji ne da ya biyo bayan ƴaƴa mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo mai bin tagwaye, Nomau haihuwar lokacin noma, Ajuji kuma wanda iyayensa suka sha rasa ƴaƴa kafin zuwansa. Idan marubuci ya kira wani Tanko, mai karatu ya riga ya ga gidansu tun ba a siffanta shi ba. Idan kuma daga baya aka ba wannan Tanko yayye maza uku, sai mai karatu ya tsaya, ya fita daga labarin, ya shiga shakkar wanda ya rubuta. Tatsuniya ta daɗe da sanin wannan hanya: da an ambaci Gizo da Ƙoƙi, yara sun san wayo da haɗama na tafe. Abubakar Imam ma ya bi ta a cikin Ruwan Bagaja (1934), inda sunan Malam Zurƙe ɗan Muhamman kaɗai ya isa ya sa murmushi.

Misalin da ya fi shafar Arewa shi ne littafin Abdoulaye Mamani mai suna Sarraounia, wanda ya fito cikin Faransanci a 1980, kuma Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Labarin ya ginu ne kan yaƙin Lugu na watan Afrilun 1899, lokacin da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa garin. Ga mai karatu a Pari, Sarraounia sunan mace ɗaya ce. Ga mutumin Matankari ko Bagaji kuwa, Sarauniya sarauta ce da ake gado a Lugu, kamar yadda Baura yake sarautar Bagaji, Samna kuma ta Tibiri. Wadda ta yi zamani da yaƙin, Mangu ake ce mata. Saboda haka littafi ɗaya ne, amma karatu biyu ake yi masa. Baƙo yana bin jaruma mai kwari da baka. Ɗan ƙasa kuwa yana gwada wannan hoto da Sarauniyar da ya sani, mai zaman ɗaki, mai riƙe da al'amuran gargajiya da na ƙasa, wadda ba a saba ganinta a fili ba. Wani zai ji daɗin ɗaukakar da aka yi wa sunan, wani zai ga an ara an yafa wa wata dabam.

Sauran sunayen littafin sun fi jan hankalin mai nazarin harshe. Wanda ya reni jarumar sunansa Dawa, masoyinta mayaƙi Baka, mawaƙinta kuma Gogué. Kunnen Bahaushe yana jin daji a na farko, makami a na biyu, goge a na uku, ta yadda kowane suna ya dace da aikin mai shi. Wannan daɗi ya wuce mai jin Faransanci kaɗai. Amma rubutu yana iya ɓata shi har ga Bahaushen. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka «dawa» na iya zama daji idan wasalin farko gajere ne, ko hatsi idan dogo ne. Rubutun Faransanci kuma bai san baƙaƙe masu lanƙwasa ba: «Baka» yana iya zama baka na harbi, yana iya zama baƙa. Sabon mai karatu da ya saba ganin sunansa a takardar haihuwa da «ou» da «tch» da «dj» yakan yi tuntuɓe idan littafin Hausa ya haɗa rubutun biyu a shafi ɗaya, kuma suna shi ne kalmar da ta fi kowace maimaituwa a labari.

Akwai wata matsala da ba ta bayyana sai a aji, inda ake karatu da babbar murya. Kunya ta hana mace faɗin sunan mijinta ko na surukinta, ta hana iyaye faɗin sunan ɗan fari. Idan jarumin darasi yana da sunan yanka da ya yawaita, kamar Muhammadu ko Abubakar, to da wuya a rasa wadda za ta yi shiru in ta kai kansa, malami kuma ya ɗauka rashin ganewa ne. Laƙabi irin su Ɗanladi ko Anaruwa sun fi sauƙi, ko da yake su ma ba su kuɓuta ɗungurungum ba. Haka nan sunaye irin su Doguwa da Kure da Ɗan Galadima: a birni ado ne na labari, amma a ƙauyukan da bori ke da tushe sunayen iskoki ne, ba a ambatonsu don wasa.

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973 ake bukatar littattafan karatu, kuma bukatar ta ƙaru bayan da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Littafin da aka tsara a Yamai ko aka aro daga Zariya ba lalle ne sunayensa su zauna daidai a Arewa ba. Abin da ya kamata shi ne a tattara sunayen kowane yanki, na yanka da laƙabi da sarautu, tare da bayanin ma'anarsu da furucinsu, sa'an nan a karanta kowane rubutu a gaban ajin maza da ajin mata dabam-dabam kafin a kai shi maɗaba'a, ana lura da inda aka yi dariya da inda murya ta tsaya.