Ƙadandoniya: Baƙuwar Damina Mai Gyara Ƙasa

Daga Wakilinmu

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasashen Bebeji da Kiru, sai ka ga ƙadandoniya ta fito tana tafiyarta a natse a gefen kunya. In ka taɓa ta da tsinke sai ta naɗe kamar gammo, ta fid da wani ruwa mai wari wanda ke rina yatsa. Iyakar makaminta ke nan, domin ba ta cizo kamar shanshani. Hanyar rarrabe su kuwa ita ce, ƙadandoniya ƙafa huɗu gare ta a kusan kowace gaɓa, shanshani biyu.

To, tana da wata 'yar'uwa da babu irinta a ƙasar Hausa, sai a dazuzzukan Madagaska da kudancin Afirka da Indiya, har zuwa Ostireliya. Ita wannan gajera ce, mai kauri. Idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar bushiya, ta shigar da kai da ƙafafu ciki, ɓawonta ya haɗe ba ko kafar allura. Wadda ta fi girma, watau ta Madagaska da masana ke kira Zoosphaerium neptunus, in ta dunƙule takan kai ƙaramin lemon zaƙi. Macen ƙafa 42 gare ta. Ba ta da ruwan wari, sulkenta kaɗai ta dogara da shi. Duk da haka tunku ya san maganinta: a 1967 masana suka ba da labarin yadda yake wurga ta ta tsakanin ƙafafunsa na baya, ta bugi dutse ta fashe.

Abin da ya haɗa su biyun shi ne abinci da mazauni. Ruɓaɓɓen ganye suke ci, kashinsu ya koma taki, kuma ba sa jure bushewa. Shi ya sa ƙadandoniyarmu kan nutse cikin ƙasa duk rani, ta jira ruwa. Kudancin Kano, wajen Tudun Wada da Doguwa inda dajin Falgore yake, ya fi arewacin jihar ruwan sama da inuwa, saboda haka wurin ya dace da ita.

Gaskiya ne manomin gyaɗa yana da ƙorafi a kanta, don takan ci iri da tsiro, ta huda ɗanyen kwanso. Amma ɓarnarta a gona ba ta shafe aikinta a dawa ba. Duk wanda ya cinna wa daji wuta da kaka domin neman gafiya, abincin wannan halitta ya ƙone, ya bar ƙasa tsirara ga rana da zaizayar ruwa. Ya kamata malaman gona da ɗalibai su riƙa faɗa wa jama'a wannan tun kafin ciyawa ta bushe.