Wace dabba ce ta fi wayo? Amsar da bakin Binuwai da dajin Gashaka suke bayarwa

Duk wanda ya sauka gefen Tafkin Geriyo da ke Jimeta da sanyin safiya zai iya cin karo da abin da saboda sabo ya daina ba mutanen garin mamaki. Makiyayi ya ɗaga murya ya kira suna guda, sai saniya ɗaya tak ta ɗago kai daga cikin garke, sauran kuwa su ci gaba da kiwonsu. A cikin gari, hankaka na zaune kan katanga kusa da mahauta, yana jiran a juya baya. Akuya kuma ta riga ta san ƙofar gidan da ake shanya hatsi, ta san lokacin da matan gidan kan shiga ɗaki.

A majalisun hira, musu kan wace dabba ce ta fi wayo ba ya ƙarewa. Tatsuniya ta daɗe da yanke nata hukuncin: dila malamin daji ne, kura wawiya ce mai kwaɗayi, jaki kuwa sunansa ma zagi ne. To amma binciken masana na shekarun baya-bayan nan ya rushe wannan jeri, kuma bai kafa wani a madadinsa ba.

Kura da akuya sun wanke kansu

A shekarar 2009, Christine Drea ta Jami'ar Duke da ke Amurka ta wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi wa kuraye. An rataya igiyoyi biyu, kuma abinci ba ya saukowa sai an ja su a lokaci guda. Kurayen, biyu-biyu, sun gano sirrin cikin hanzari ba tare da an horar da su ba, har wadda ta ƙware takan saisaita kanta da baƙuwar da ba ta iya ba. Irin wannan aikin haɗin gwiwa ya sha wahalar da biran cimfanzi, waɗanda ake ɗauka su ne mafi kusa da ɗan Adam. Dalilin a bayyane yake: kura dabbar dangi ce, da taron 'yan uwa take farauta da kare yankinta.

Ita ma akuya ta ba masu raina ta kunya. A 2014, masu bincike na Jami'ar Queen Mary da ke Landan sun ba awaki 12 wani akwati da ba ya sakin abinci sai an ja wani hannu da baki sannan a ɗaga shi sama. Tara sun koya. Bayan wata goma aka dawo da akwatin, suka buɗe shi cikin ƙasa da minti biyu. Tun kafin nan, a 2001, wani bincike a Kambirij ta Ingila ya nuna cewa tunkiya na iya tuna fuskokin tumaki 50 har tsawon shekara biyu. Makiyayin Ngurore ba zai yi mamakin jin haka ba. Abin da aka ƙara masa kawai shi ne lissafi.

Ma'auni ne ke da matsala

Da farko an zaci girman ƙwaƙwalwa ne ma'auni. Ta giwa ta kai kilo 5, ta mutum ba ta wuce kilo ɗaya da rabi ba, amma mutum ne ke rubutu. Ƙwaƙwalwar tsuntsu kuwa ƙarama ce ƙwarai, sai dai ƙwayoyin jijiyarta a cunkushe suke. Shi ya sa a 2002 wata hankaka mai suna Betty, a Jami'ar Okisfod, ta lanƙwasa waya ta mai da ita ƙugiya don ta ciro abinci daga cikin bututu. Ƙudan zuma, mai ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar riɗi, yana sanar da 'yan uwansa nisa da alƙiblar furanni ta hanyar wata irin rawa, binciken da ya sa Karl von Frisch ya sami lambar yabo ta Nobel a 1973.

Sai kuma gwajin madubi, wanda Gordon Gallup ya ƙirƙiro a 1970. Akan ɗiga wa dabba launi a wurin da ba ta iya gani sai ta madubi. Idan ta taɓa wurin a jikinta, an ce ta gane kanta. Cimfanzi ya ci wannan jarrabawa, wata giwa ma ta ci a 2006. Kare bai ci ba. To, shin kare dolo ne? Duk maharbin da ya taɓa bin karensa a daji ya san amsa. Duniyar kare ta hanci ce, jarrabawar kuwa ta ido ce, domin mai ido ne ya tsara ta.

Kai, ko mutum ma ba a kowane fage yake kan gaba ba. A 2007, a Jami'ar Kyoto ta Japan, wani matashin cimfanzi mai suna Ayumu ya fi ɗaliban jami'a iya tuna wuraren lambobin da aka haska a allon kwamfuta na ɗan ƙiftawar ido. Abin da waɗannan gwaje-gwaje suke nunawa shi ne, wayo ba tsani ɗaya ba ne da kowa ke hawa. Kowace halitta ta ƙware ne a kan matsalar da rayuwarta ta ɗora mata.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ba ta da nisa da Jimeta. Idan matafiyi ya bi hanyar Ganye zuwa Toungo, zai iske ɓangaren arewa na Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991. Shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Adamawa da Taraba. A dazuzzukan kudancinsa ne wani jinsin cimfanzi da ba a samun sa sai a Najeriya da Kamaru yake zaune.

Tun daga shekarar 2000, Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan da abokan aikinsa suka duƙufa nazarin waɗannan birai. Sun gano suna fere tsinke da sanda iri-iri, kowanne da aikinsa: wani na tonon ramin ƙananan ƙudan zuma marasa harbi, wani na lakato zuma, wani na tsomawa cikin kwarkwasa a suɗe. Abin mamaki shi ne, ba sa cin gara, ga ta kuwa a dajin, alhali 'yan uwansu na Gombe a Tanzaniya, inda Jane Goodall ta fara ganin biri na amfani da kayan aiki a 1960, da cin gara suka yi suna. Masana na kallon irin wannan bambanci a matsayin al'ada, wato abin da ɗa ke koya ta hanyar kallon uwarsa, ba wanda aka haife shi da shi ba.

Abin da musun ke jawowa

Wannan ba hirar kashe lokaci ba ce kawai, domin matsayin da muka ba dabba shi ke tsara yadda muke mu'amala da ita. Jakin da aka yi wa lakabin wauta, an yi ta jibgar sa, ga shi kuwa ya san hanyar gida ko da mai shi ya yi gyangyaɗi, kuma abin da ake kira taurin kansa sau da yawa tsayawa ce ya tantance haɗari. Da kasuwar fatarsa ta buɗe a ƙasar Sin, sai aka shiga yanka shi ba ji ba gani, har sai da shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana wannan ciniki a watan Fabrairun 2024.

Biran Gashaka ma suna cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ƙiyasi mafi yawa bai ba jinsin nasu fiye da 9,000 ba a duk duniya, ga farauta, ga saran itace, ga ƙunar daji. Idan garke guda ya ƙare, ba yawan kawuna kaɗai aka rasa ba. An rasa dabarun da suka gada kaka da kakanni, waɗanda babu wani daji da za a je a samo su.

Saboda haka, idan musun ya sake tashi a majalisa, zai fi kyau a sauya tambayar. Maimakon wace ce ta fi wayo, a tambaya: wannan dabbar, me ta sani da ni ban sani ba? Makiyayin Geriyo da ya raɗa wa kowace saniya suna ya daɗe da yi wa kansa wannan tambaya, kuma a kan amsarta dukiyarsa ta dogara.