Abuja ta ishe ka, ko gajiya ce kawai?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar barin gari za mu yi, kuma da Abuja zan yi misali, don can yawancinmu muke nufa da zarar an gama bautar ƙasa.

Kakanninmu sun san cin rani. Ana gama girbi mutum zai ɗauki ƙunshinsa ya nufi Kano ko Ikko, ya yi ga-ruwa, ko dako, ko yankan farce. Amma shi yana da abin da mu ba mu da shi. Hadari na fara haɗowa a gabas ya san lokaci ya yi, gona na jiransa, ba sai ya yi shawara da kowa ba. Mu 'yan cin ranin digiri ba mu da damina. Ka zo da niyyar shekara ɗaya, kafin ka ankara an yi bakwai, kana ɗaki ɗaya a Mararaba, duk wanda ya kira ka ce masa "ana nan ana fama".

To tunda babu hadarin da zai gaya maka, me za ka duba?

Fara da lissafi, kuma a takarda, ba a ka ba. Da yawa masu cewa "ina Abuja" ba a Abuja suke kwana ba. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, Suleja da Madalla jihar Neja. Kullum sammako tun asuba don a tsere wa cunkoson Nyanya, a dawo bayan isha'i. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 aka tsayar a Yulin 2024. Ga haya da ake biyan ta shekara guda a dunƙule, ga kuɗin dillali a kai. Rubuta abin da ke shigo maka a wata, ka cire mota, abinci, abin da kake turawa gida, da kason haya na wata ɗaya. Idan shekara biyu a jere babu abin da ke saura, kuma duk sabunta haya sai ka ci bashi, to ba kai kake cin garin ba, garin ne yake cin ka.

Amma fa rashin kuɗi kaɗai bai isa hujja ba. Yaron da ke koyon gyaran waya a Banex aljihunsa ba komai, sai dai kullum yana tara abin da zai iya tafiya da shi ko'ina. Tambayar ita ce, a shekarar da ta wuce me ka ƙaru da shi? Wace sana'a, wace takarda, wane mutum? Idan har yanzu alƙawarin nan ne na "kawo takardunka", "oga ya yi tafiya", "bari a sa hannu a kasafin kuɗi", gaskiya ba jira kake yi ba, an ajiye ka ne.

Wani lokacin kuma gajiya ce kawai. Wannan gwajinta da sauƙi. Je gida hutun Sallah ka yi mako biyu, ka yi barci, ka ci tuwon gidanku. Mai gajiya bayan kwana goma zai fara kewar aikinsa. Wanda zamansa ya ƙare kuwa, motar dawowa na isowa Zuba zai ji ƙirjinsa ya yi nauyi.

Abin da ya fi riƙe mutane, a ganina, kunya ce. A unguwa "ɗan Abuja" ake kiranka, an ga hotunanka na Sallah da shadda. Mace kuma nata ya fi, don tana dawowa za a ce ai dama an faɗa, sai a taso ta da maganar aure. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: da a ce ba wanda zai san na tashi, zan ƙara shekara a nan? Idan amsar a'a ce, hayar da kake biya ta bakin mutane ce.

Kuma tashi ba dole ya zama komawa ɗakin samari a gidanku ba. Akwai Kaduna, ga jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa tun 2016 idan wata harka ta kira ka Abuja. Akwai Kano ga mai kasuwanci, akwai Lafiya, akwai Jos. Sai dai bashi da rashin sana'a su ma a motar za su bi ka, wannan canjin gari ba ya maganinsu.

Lokacin yanke shawara shi ne wata uku kafin hayarka ta ƙare. Je garin da kake tunani ka yi mako guda, ka tambayi kuɗin ɗaki, ka ga masu irin aikinka ido da ido. Kada ka ajiye aiki sai ka kama wani abu a can. Ka karɓi bashin da kake bi, ka biya wanda ake bin ka. Kuma kada ka sabunta haya kana tunanin in ka tashi za a mayar maka da saura, da wuya mai gida ya dawo da ko sisi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.